Atamfar Tunawa da Malam Bawa

Tun da na dawo daga Abidjan ba a bar ni na sha ruwa da daɗi ba. Wannan ta shigo ta ce, "Zali, yaya birnin? An ce kin ga teku?" Waccan ta ce ina tsarabarta. Na gaji da maimaitawa, kuma duk maimaitawar da na yi raina ƙara ɓaci yake. To ga shi nan sau ɗaya, daga farko har ƙarshe. Wadda ta sake tambayata zan miƙa mata wannan in ci gaba da aikina.

Ku fara sanin cewa ba yawo na je ba, Inna ce ta aike ni. Mahaifinta shi ne Malam Bawa Mai Masauki, wanda duk tsohon ɗan kasuwar da ya taɓa cin kurmi ya san sunansa. A zamaninsa, Bahaushen da ya sauka unguwar Treichville ta Abidjan da shanu ko ya je sayen goro, gidan Malam Bawa ake nuna masa. Shi ya nema wa mutanenmu filin masallaci, shi ke wanke gawar baƙon da ba shi da kowa. Yakan zo gida Dogon Dutsi lokaci-lokaci, har zuwansa na ƙarshe, Inna tana 'yar shekara bakwai. Ya koma, hidimar jama'a ta riƙe shi, sai labarin rasuwarsa aka kawo. Bana shekara sittin ke nan.

Inna ba ta da hotonsa ko ɗaya. Abu biyu ta riƙe: tsagar Arawa irin wadda ke kumatunta, doguwa daga gefen baki har kunne, da ƙaramin yatsansa na dama da ya taɓa karyewa ya ɗore a karkace, wanda takan riƙe in za su kasuwa. Sauran fuskar kuwa ta gudu mata. Takan ce, "In na rufe ido na neme shi, tsagar kawai nake gani, ba ido ba hanci."

Ana nan sai Musa ya kira. Musa ɗan kawuna ne, wato ɗan ƙanin Inna. Shi ƙanin a can aka haife shi, yana jariri Malam Bawa ya rasu. Kawun nan ya mutu ba mu taɓa ganinsa ba. Musa ya ce ƙungiyarsu za ta yi babban taron tunawa da Malam Bawa ranar da ya cika shekara sittin da rasuwa, kuma an samo hotonsa a tsohuwar akwati, har an buga shi a jikin atamfa. Na ce ya turo mini ta waya. Ya ce a'a, kwamiti ya hana kowa gani sai ranar rabon atamfa. Inna tana zaune tana jin mu. Yanar ido ta riga ta cinye mata ido ɗaya, ɗayan ma sai da hasken safiya, sai kuma ta kawo abu dab da hancinta. Ta ce, "Zali, tashi ki je. Ki kawo mini Baba in gan shi tun idon nan bai ƙarasa rufewa ba." Wa zai ce mata a'a?

Daga Dutsi zuwa Dosso zuwa Gaya ba abin faɗi, hanyar gida ce. A Gaya wahala ta fara. Gada a rufe, sai kwalekwale. An loda mu da babura da buhunan albasa da wata akuya mai zawo, ruwa yana taɓa bakin jirgin. Ni da ko rijiya ba na son leƙawa! Muna dab da tsallakewa wani ya miƙe don ya riga kowa sauka, jirgin ya karkata, jakar tsarabata ta sha ruwa. Kukar da na daka da hannuna ta zama miya tun kafin ta ga tukunya. Kilishi kawai ya tsira.

A motar Malanville zuwa Kwatano Allah ya haɗa ni da Hajiya Ladi, 'yar Konni mai safarar turare, wadda ta san hanyar nan kamar tsakar gidanta. Ita ta koya mini in sa katin allurar rigakafi a sama, katin ɗan ƙasa a ƙasa, kuma in rufe bakina a kan iyaka. Na ƙarshen ne ya gagare ni. A shiga Togo wani mai kaki ya juya katina ya ce hoton bai yi kama da ni ba. Na ce masa da Faransanci, shi ma in ya kwana a motar nan ba zai yi kama da kansa ba. Aka ajiye ni a benci, mota tana jira, fasinjoji suna zagina da harsuna kala-kala, sai da Hajiya Ladi ta je ta ba shi haƙuri irin wanda suke ganewa. Da muka koma mota ta ce, "Ke dai bakinki zai kai ki inda ƙafarki ba ta nufa ba." Na ce ai ya saba.

A Gana kuwa bakin nawa ya mutu da kansa, don Turancinsu ko kalma ban iya ba. Na sayi wani tuwon masara mai tsami a naɗe cikin ɓawo, na ɗauka ya lalace ne, na koma zan yi wa matar faɗa, Hajiya Ladi ta janye ni tana dariya, wai haka ake cinsa. Can wajen iyakar ƙarshe na ba ta labarin abin da zai kai ni. Ta girgiza kai ta ce, "Mutanen can suna son mamaci fiye da mai rai. Ki yi ciwo ba mai leƙo ki, ki mutu ki ga atamfa." Na yi dariya a lokacin.

Tashar Adjamé ta Abidjan, jama'a, in ba ku gani ba ba ku ga hayaniya ba. Kowa ihu yake, kowa gudu yake, 'yan kamasho suna jan jakarka ta nan, masu ƙananan bas da suke kira gbaka suna jan hannunka ta can. A cikin wannan ruɗani wani dogon saurayi cikin kwat ya tsaya gabana ya ce, "Tanti Zali? Akwaba!" Wato sannu da zuwa. Na ce, "Wace ce Tantinka? Ni ba gwaggonka ba ce, taubashiyarka ce, ɗan kawu, bawana. Ɗauki kaya." Ya tsaya yana murmushi bai gane ba. Wasan taubasai ma bai san da shi ba. Hausarsa kamar mai tafiya a kan tsakuwa ba takalmi, in ya yi taku biyu sai ya faɗa Faransanci. Amma ya ɗauki kayan, kuma ba zan ɓoye ba, na ji daɗin ganinsa. Jini ne.

Muka shiga woro-woro, tasin da ake cusa mutane a ciki har sai ƙofa ta ƙi rufuwa, zuwa unguwarsu Williamsville. Gidan haya ne mai tsakar gida ɗaya, ɗakuna a jere, famfo ɗaya. Maƙwabcin dama Kirista ne mai waƙar coci tun da safe, na hagu ɗan ƙabilar Mosi ne mai gyaran rediyo, kuma kowa ya san abin da kowa ya dafa. Matar Musa, Awa, yarinya mai hankali, ta kawo mini ruwa. Na sha. Sai duk suka zauna suka zuba mini ido, Musa ya ce, "Tanti, labari?" Na ce lafiya lau. Ya ce, "To, labari na biyu?" Ashe al'adarsu ce, baƙo sai ya sha ruwa, a tambaye shi labari, ya ce alheri, sannan a sake tambaya ya faɗi abin da ya kawo shi. Mu da sai baƙo ya kwana ya huta kafin a ce masa me ke tafe da shi! Na ce, "Labari na biyu, na zo ɗaukar fuskar kakana in kai wa uwata."

Abinci kuwa rogo ne safe, rana da yamma. Sun gurza shi sun turara kamar dambu, suna ce masa aceke, a ɗora soyayyen kifi da ɗanyen barkono. Abin da ya ba ni haushi da dariya, masu sayar da shi a bakin titi duk 'yan ƙasarmu ne. Namiji da gemunsa, wanda a gida ko ruwan zafi ba zai ɗora ba, ga shi nan yana juya kifi a kasko yana ce wa yara "wi, patron", wato to, maigida.

Ranar rabon atamfa muka je shagon ma'ajin ƙungiya a Adjamé Liberté. Mata sun cika wurin, kowa na son ta riga kai wa tela. Ni dai tun a hanya al'adar ba ta kwanta mini ba. A gida in za a tuna mamaci, sauka ake yi, a yi waina a raba, a yi addu'a a watse. Nan kuwa sai a buga fuskar mutum a tufafi, mace ta ɗaura shi a ƙugu ta zauna a kansa a cikin mota. Amma na ce ba komai, albarkacin wannan al'adar Inna za ta ga ubanta.

Musa da kansa ya yanke ledar ya warware mini turmi a kan tebur. Shuɗiya ce mai ruwan zinariya, da'ira-da'ira, cikin kowace da'ira ga dattijo zaune a kujera, da rawani da babbar riga mai aiki har ciki. A ƙasa an rubuta sunan kakana. Na sunkuya na duba fuskar.

Tsagar Gobirawa ce. Ba ɗaya ba, ba biyu ba, jere a kowane kunci, sun bazu daga gefen baki kamar haƙoran tsintsiya. Ko yaron goye a Dutsi ya san wannan ba Ba'are ba ne.

Na ce, "Musa, wane ne wannan?"

Ya ce, "Pepe ne mana. Kaka."

Na ce, "Kakan wa? Wannan Bagobiri ne! Kai makaho ne? Ba ka ga tsaga ba?"

Ya leƙa, ya ɗaga kafaɗa. "Tanti, tsaga ai tsaga ce. Duk tsofaffin da suna da ita."

Inna lillahi! Tsaga tsaga ce! Na ji kamar in kwaɗa masa mari a gaban matan nan. Su kuwa sun yi cirko-cirko, wata na taɓa wata, ana cewa 'yar ƙauye ta zo da rigima. Musa ya ja ni gida, ya jawo wata tsohuwar akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado, ya fito da riga. Ita ce. Aikin wuyan, aljihun, har inda zaren ya zare a kafaɗa, duk kamar yadda suke a atamfar. Ya ce babansa ya bar masa ita, ya ce rigar Malam Bawa ce, kuma a cikin aljihunta aka sami hoton. "To Tanti, rigarsa, a akwatinsa, a jikin wa za ta kasance?" Na zauna bakin gado, har na fara tunanin ko Inna ce tsufa ya rikita.

Awa ce ta same ni a bakin famfo da safe. Ta yi ƙasa da murya ta ce akwai wata tsohuwa a Arras, cikin Treichville, ana ce mata Iya Fanta. Ita ma da aka kai mata samfurin atamfar ta ce ba shi ba ne, kwamiti suka ce ruɗewar tsufa ce. Ban ko karya ba na sa ta raka ni. Muka tsallaka gada, ruwa ta ko'ina yana wari, muka shiga wasu dogayen gidaje da suka ga jiya, ƙasansu duk masu walda da kafintoci.

Iya Fanta Bajula ce, ba Bahaushiya ba, amma Hausarta ta fi ta Musa sau goma, don a gidan Malam Bawa ta tashi, uwarta ce ke dafa wa baƙinsa abinci. Tana zaune a tabarma, ƙafafu sun kumbura, hankali kuwa garau. Da na ce ni jikarsa ce daga Dutsi sai ta kama hannuna ta ƙi saki. Na shimfiɗa mata atamfar. Ta yi tsaki.

Ta ce, "Na gaya musu. Wannan baƙo ne, 'yata. Wani mai shanu ne daga wajen Gobir, ko sunansa ban riƙe ba. Ɓarayi suka tare shi a hanya, ya iso da 'yar riga ɗaya duk ta yage. Da zai koma ya ce yana son hoto ya kai wa iyalinsa, kada su ga ya dawo a wulaƙance. Baba ya aika aka kira mai hoto. Ya tuɓe rigarsa ya sa masa, ya naɗa masa rawaninsa, ya zaunar da shi a kujerarsa. Ina tsaye ina kallo, ni na riƙe wa mai hoton jakarsa."

Na ce, "To shi Malam Bawa fa, Iya?"

Ta ce, "Yana ciki mana! Baƙon ya rantse sai sun ɗauka tare. Baba kuwa bai taɓa zama baƙo yana tsaye ba, ko a cin abinci. Sai ya tsaya a bayansa da 'yar shara, kai ba hula, ya dafa kafaɗarsa. Aka wanke biyu, baƙo ya tafi da ɗaya. Shi ke nan hoton da Baba ya taɓa yarda aka yi masa a duniya."

Wallahi ban san lokacin da na miƙe ba. Yana ciki! Na sake duba atamfar, sai ga shi kuwa, a kafaɗar Bagobirin akwai hannu, an yanke shi daga wuyan hannu da bakin da'irar. Na rungume tsohuwar nan, na ce wa Awa mu tafi. A woro-woro har waƙa nake yi a zuci. Na ce atamfa ta ci kanta, ni asalin hoton nake so, in kai wa mai hoto ya fito mini da na tsayen, babba, yadda idon Inna zai iya kamawa.

Muka tarar da Musa yana goge takalmi. Na ce ya ba ni hoton na asali. Ya shiga ɗaki ya ɗauko shi a cikin firam mai ruwan zinariya, sabo fil. Na karɓa. Bagobiri a kujera, hannu a kafaɗa. Daga nan sama babu komai, an datse takardar.

Na ce, "Ina sauran?"

Ya ce, "Wane saura? A, boyin nan da ke tsaye a baya? Na yanke shi. Firam ɗin bai isa ba, kuma bai dace a ga Pepe da boyi a kansa ba, ko hula babu. Hannun ne ya ƙi fita, zai ɓata aikin rigar."

Na ce, "Ina ka sa abin da ka yanke?"

Ya dube ni kamar na tambaye shi ina ruwan wankan bara. "Tanti, tun kafin azumi fa. Shara."

Ban yi ihu ba, ku da kuka san ni za ku yi mamaki. Na zauna a ƙasa, a tsakar gidan mutane, na ce, "Musa, kakanka ka yanke. Da almakashi. Ka zuba shi a shara." Na gaya masa duk abin da Iya Fanta ta ce. Na ga fuskarsa ta canza, ya zauna shi ma, ya riƙe kai. Na san ya yarda, don bai yi musu ba. Muka je wurin mai hoton da ya yi musu aiki, ko Allah zai sa ya ga cikakken. Ya ce yankakke aka kawo masa. Muka koma wurin Iya Fanta ko ta san garin baƙon. Ta ce Gobir dai, Gobir kuwa da faɗi.

A hanyar dawowa na ce masa, "To sai ka gaya wa jama'a." Ya ce, "Tanti, yako." Haka suke cewa in za su ba ka haƙuri. "Yako, amma ba zai yiwu ba. An ɗinka, an gayyaci manya, an buga allo. In na faɗa, ni na mutu a garin nan. Bari taron ya wuce, sa va ale." Wai komai zai daidaita. Kalmar nan na ji ta a Abidjan har ta fita raina. Mota ta lalace, sa va ale. An yanke kakanka, sa va ale.

Ranar taro aka tare titi guda a Treichville, aka kafa rumfuna, aka jera kujeru, lasifika kamar za ta tsaga kunne. Duk inda na juya Bagobirin nan ne ke kallona: a bayan mata, a cikin maza masu tumbi, a ɗankwali, har a goyon jarirai. Ni kaɗai na sa farin leshina. An yi sauka da safe, wannan kam na yaba. Daga nan manya suka fara jawabi. Wani babban ɗan kasuwa ya nuna allon ya ce, "Ku dubi fuskar nan! Ku dubi kwarjini! Wannan da gani ka san an haife shi don ya zauna a kujera." Aka tafa. Mutumin da duk rayuwarsa bai zauna ba don wani ya zauna, ga abin da ake yabonsa da shi.

Sai mai gabatarwa ya ce jikar marigayi ta zo takanas daga Nijar, ta zo ta yi godiya. Musa ya dube ni, idonsa yana roƙo. Na karɓi abin magana. Na yi sallama, na yi da Hausa don dattawan da ke gaba su ji da kyau. Na ce, "Na gode da kuka tuna kakana. Amma wanda ke jikinku ba shi ba ne. Baƙonsa ne. Kakana Ba'are ne, yana tsaye a baya, an yanke shi. Ku dattawa kun san tsaga, ku duba ku gaya mini in ƙarya nake."

Na gaba sun ji ni sarai, ta baya kuwa samari ba su ji me na ce ba. Dattawan nan, wallahi na ga sun duba. Na ga wani ya kalli hannun rigarsa, ya kalli na kusa da shi, ya sunkuyar da kai. Sun gani. Wataƙila ma sun gani tun ranar da aka raba. Mai gabatarwa ya yi maza ya karɓe abin maganar ya juya da Faransanci, wai Maman ta ce ta yi murna ƙwarai, kamannin kakanta sun sa ta kuka. Aka tafa! Na ce, "Ƙarya kake, ba ni nan in faɗa da Faransancin, ai na yi lakwal, na yi boko!" Na miƙa hannu ke nan sai liman ya ɗaga nasa ya ce, "Alfatiha."

To me zan yi? In yi faɗa a kan Fatiha? Na ɗaga hannu kamar kowa, hawaye na zuba, na shafa. Kafin a sauke hannu an saki kiɗa an fara rabon shinkafa. Ban taɓa sanin ana toshe bakin mutum da addu'a ba sai ranar.

Bayan an watse wani dattijo ɗan Kano mai shigo da kaya ya same ni. Ya ce, "Hajiya, ki yi haƙuri. Mun gani. Amma addu'a suna take bi, ba hoto ba. Duk abin da aka karanta yau Malam Bawa ya samu." Na ce, "Gaskiya ne, Alhaji, Allah ya karɓa. Amma uwata ba addu'a ta aiko ni nema ba, tana yi masa kullum. Fuskarsa ta ce in kawo." Ya gyara hularsa, ya tafi.

Da zan taho, Awa ta ce a nan baƙo ba ya tashi haka nan, sai ya roƙi hanya. Na ce to, ina roƙon hanya. Musa ya ce, "Mun ba ki rabi, Tanti, don ki dawo." Na ce, "Riƙe rabinka, ɗan kawu. Kun saba ba mutum rabin abu." Ya sa turmi ɗaya na atamfar a jakata. Na so in jefar a tasha, ban dai jefar ba. Duk tsawon hanya, iyaka bayan iyaka, ko faɗa ban yi da kowa ba. Tunani ɗaya nake: in ce wa Inna shi ne, ko in gaya mata gaskiya? Har na hau kwalekwalen Gaya ban yanke ba.

Na iso da yamma, na ce mata sai da safe in haske ya fito. Da safe ta sa aka fitar mata da tabarma bakin ƙofa, ta yi wanka, ta sa turare kamar mai jiran baƙo. Na warware atamfar a cinyarta, ban ce komai ba. Ta ɗago da'ira ɗaya har tana taɓa hancinta, ta karkata kai wajen idon mai gani. Ta daɗe.

Ta ce, "Zali, wannan Bagobirin fa?"

Sai na fashe da kuka na gaya mata duka, rigar, kujerar, almakashin. Atamfar na nan a fuskarta, tana bin ta a hankali, daga rawani zuwa wuya, daga wuya zuwa kafaɗa. Can ta tsaya. Ta ɗora yatsanta a wuri ɗaya.

Ta ce, "Ga shi nan."

Na leƙa. Hannun nan da ke kafaɗa, ƙaramin yatsan a karkace yake. Ni na yi ta kallonsa tun daga Abidjan ban lura ba.

Ta ce in ba ta almakashi. Da hannunta ta yanke wurin, ɗan ƙyalle da bai kai tafin hannu ba. Ta tura mini sauran turmin ta ce, "Wannan ki ba masu zuwa cin kasuwa Gobir su riƙa nunawa. Wataƙila shi ma yana da 'yar da ke nemansa."

Yanzu idon ya rufe gaba ɗaya. Ƙyallen yana ɗaure a bakin zanenta. In kun shigo gaishe ta kuka ga tana murza wani abu tsakanin yatsu, kada ku tambaye ta, kuma kada ku sake tambayata yaya Abidjan.